Daga Akra Zuwa Busua a Kwana Uku: Ina Za a Tsaya, Ina Za a Ci Abincin Rana?

Tambayar ta zo daga wani bawan Allah mutumin Kano. Ya ce za su je bikin ɗan'uwa a unguwar Nima da ke Akra, shi da maiɗakinsa da 'ya'yansa uku da mahaifiyarsa. Bayan biki suna da kwana uku, kuma dangi sun yi musu alkawarin mota da direba. Yana so su bi gaɓar teku ta yamma, su ga gidajen nan da ake labari, inda aka tsare mutane a zamanin cinikin bayi, in da hali su kai har ƙauyen da aka gina a kan ruwa. Ya ce: a ina za mu riƙa tsayawa, kuma a ina za mu ci abincin rana da hankalinmu zai kwanta da shi?

Malam, Allah ya sa a yi biki lafiya, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Bari in fara da abin da taswirar waya ba za ta gaya maka ba. Hanyar da kake nufi ita ce N1, wadda ta taso daga Aflao a iyakar Togo ta ratsa Akra ta ɓulle Elubo a iyakar Kwaddibuwa. A taswira za ka ga kamar a bakin ruwa take tafiya. Ba haka ba ne. Daga Akra har ka wuce Mankessim, sama da kilomita 100, da wuya ka hango teku ta tagar mota. Daji ne da gonaki da ƙauyuka da gidajen mai. Hanyar kamar mataji take: doguwar ƙashin bayan tana can cikin ƙasa, haƙoran ne suke sauka bakin ruwa, kowane haƙori da garin masunta a ƙarshensa. Wanda ya miƙe bai ratse ba zai isa Takoradi yana tambayar ina tekun. Wanda kuma ya ce sai ya shiga kowace kwana, magariba za ta same shi bai kai Cape Coast ba. Don haka shirin wannan tafiya gaba ɗaya zaɓe ne: ratse biyu kafin azahar, wuri ɗaya bayan azahar, a kuma san tun da safe inda za a ci abinci.

Sai maganar lokaci. Gana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu ya biyo baya nan da nan. Ban ba kowa shawarar tuƙin dare a wannan hanya ba. Yawancinta ba tagwaye ba ce, manyan motocin da ke jigila tsakanin tashar jiragen ruwan Tema da Takoradi da Abijan suna binta, kuma masu turoturo, wato ƙananan bas ɗin haya, suna wuce na gabansu a inda bai kamata ba. Ka ɗauka ranarka tana ƙarewa ƙarfe 5 da rabi.

Babban abin da zai gyara ko ya ɓata ranar farko shi ne fita daga Akra. Tsakanin Akra da Cape Coast kilomita 145 ne zuwa 150, amma kada ka yi lissafin Kano zuwa Zariya. Akwai cunkoso a unguwar Mallam, da Weija, da Kasoa, sannan Budumburam. Ko da gadar saman da aka buɗe a Kasoa a 2016, wurin bai rabu da cunkoso ba, kuma aikin faɗaɗa hanya daga nan zuwa Winneba ya sa wasu wurare sai a hankali. Ku yi sallar asuba ku shiga mota. In kun wuce Kasoa kafin ƙarfe 6 da rabi, kun ci ribar ranar. In kun tsaya karin kumallo a Nima har ƙarfe 8, to a cire ratse ɗaya daga cikin shirin. A sayi koko da ƙosai a juye a filas, a sha a hanya. Ranar Asabar kuma a yi hattara: ita ce ranar jana'iza a kudancin Gana, za ka ga mutane cikin baƙi da ja sun kafa rumfuna, wani lokaci har rabin titi. Tafiyar da ta fara Laraba ta fi daɗi.

Winneba ce babbar kwana ta farko, kimanin kilomita 60 daga Akra. Gari ne na jami'ar horar da malamai, kuma a Asabar ta farko ta watan Mayu suke bikin Aboakyer, inda ƙungiyoyi biyu suke shiga daji su kamo dabba da rai. In ba lokacin ba ne, ni dai wucewa nake yi. Inda nake so ku fara ratsewa shi ne Apam, gaba kaɗan. Ƙaramin gari ne, 'yan mintuna daga babban titi, da wani sansanin Turawan Holan a kan tudu, Fort Patience, wanda aka fara ginawa a 1697. Ginin kansa ƙarami ne, ba shi ne dalilin zuwa ba. Dalilin shi ne daga kan tudun za ku ga gaɓar gaba ɗaya, kwalekwale jere da tutoci kala-kala, hayaƙin bandar kifi yana tashi daga cikin gari. Ga mutanen da ba su taɓa ganin teku ba, gara su fara ganinsa daga sama, su ga iyakarsa ta haɗe da sararin sama, kafin su sauka inda igiyar ruwa take ruri. Rabin awa ya isa.

Daga nan zuwa Mankessim za ku ga masu tallar naman daji a bakin titi, suna ɗaga shi sama ga masu wucewa, wani ɗanye wani an banda. A ba su hannu a wuce. Abin saye a wannan yanki abarba ce, irin ta ƙasar Ekumfi, doguwa mai farin ciki da zaƙi ƙwarai. Mankessim tsohuwar cibiyar ƙabilar Fante ce kuma babbar kasuwa, don haka shataletalen garin yakan cushe. Wurin shan mai ne da kama ruwa, ba wurin zama ba.

Bayan Mankessim ne hanya take fara biyan bashin da ta ci. Saltpond tana hagu, inda aka kafa jam'iyyar UGCC a watan Agusta na 1947, wadda ta gayyato Kwame Nkrumah ya dawo gida ya zama sakatarenta. Gaba kaɗan sai Abandze, a nan za ka ga teku ya bayyana, ga kuma kangon Fort Amsterdam a kan tudu yana kallon titi. Turawan Ingila ne suka gina shi a shekarun 1630, 'yan Holan suka ƙwace a 1665. Hawansa yana da ɗan wuya ga dattijuwa, saboda haka Hajiya ta zauna a inuwa ta sha ruwan kwakwa, yara su hau da kai. Wannan ne ratse na biyu. Daga nan Anomabo, sai Biriwa, sai mararrabar Yamoransa inda hanyar Kumasi ta rabu.

Yanzu ga batun abinci, wanda shi ne rabin tambayarka, kuma a nan mutane suka fi shan wahala ba don babu abincin ba.

Abincin rana a wannan hanya iri uku ne. Na farko shi ne na otal-otal ɗin bakin ruwa, kamar waɗanda ke Anomabo da Biriwa da tsakanin Cape Coast da Elmina. Wurin zama mai kyau, iska, banɗaki mai tsabta, inuwar kwakwa. Aibinsu ɗaya: sai ka yi oda ake ɗora tukunya. Gasasshen kifi da shinkafa yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, kuma ga yara da yunwa. Maganinsa shi ne direba ya samo lambar wurin, a kira tun daga Mankessim a faɗi abin da ake so da adadin mutane. In ba a samu lamba ba, da isa a yi oda, sannan a je a yi alwala a yi salla, a taka yashi, kafin a dawo an gama. A irin waɗannan wurare ana sayar da giya, wannan ka sani tun yanzu don kada Hajiya ta gani ta ce a tashi.

Na biyu shi ne abin da suke kira cofba, gidan abinci na talakawa, inda fufu da banku, wato tuwon ƙullin masara mai tsami, da tuwon shinkafa suke a shirye, a zuba maka nan take. Arha, zafi, kuma a nan ne ake cin abincin ƙasar na gaskiya. Sai dai a nan ne ake bukatar tambaya. Yawancin mahautan Gana Musulmi ne, mutanen zango, wato unguwannin baƙi Musulmi, da na arewa, don haka naman shanu da na akuya da ke kasuwa galibi yankan Musulmi ne. Matsalar tana cikin tukunyar miya. Wasu masu abinci suna jefa ƙafar alade mai gishiri a miyar kwakwar manja ko miyar gyaɗa don ɗanɗano, wasu suna haɗa naman daji, kuma ludayi ɗaya ne yake yawo. Ba a ɓoye ake yi ba, in ka tambaya za a gaya maka. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: a bakin teku a ci kifi, nama kuma a bari sai an shiga zango. Soyayyen kifi da dokunu, wato ƙullin masara da ake naɗewa a ganye a dafa, da yaji, ko gasasshiyar karfasa da banku, ko miyar kifin da ake kira fante-fante wadda ake yi da ɗanyen kifi da manja da tumatir, ko wake da manja da soyayyar agada da suke kira red-red. Duk waɗannan babu abin shakka a cikinsu. Baƙin yajin nan, shito, da busasshen kifi da jatan lande ake yin sa, kuma mu a mazhabar Malikiyya abin da ya fito daga ruwa halal ne. A dai ɗanɗana kaɗan tukuna, yana da zafi.

Na uku shi ne na gida, wato zango. Kowane babban gari a hanyar yana da shi: Kasoa, Winneba, Mankessim, Cape Coast, Elmina, Sekondi, Takoradi. Kana shiga za ka ji Hausa, ka ga masallaci, ka ga mai tsire da mai shayi. A nan ake samun waakye, shinkafa da waken da ake dafawa da busasshen ganyen dawa har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da nama. Amma ka riƙe wannan: waakye abincin safe ne zuwa hantsi. Mai waakye da ta san hannunta takan kife tukunya kafin azahar. In ita kuke so ta zama abincin rana, a saya da ƙarfe 10 a zuba a kula. Tuwon zafi da miyar ayoyo ya fi samuwa da rana zuwa yamma.

A ranar farko, shawarata ku ci a Anomabo ko Biriwa, a bakin ruwa, wajen ƙarfe 12 da rabi. Ranar farko ce, a bar iyali su zauna su kalli teku suna cin abinci, kuɗin da za a ƙara bai ɓaci ba. Sannan a Yamoransa a tsaya minti biyar a sayi dokunun Fante, wanda ake naɗewa da busasshen ganyen agada. Garin ya yi suna da shi, za ku gan shi jibge a tebura a bakin titi. Yana kwana biyu uku bai lalace ba, kuma da shi da soyayyen kifi da yaji an gama abincin dare.

Game da salla, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru, don haka kuna da sauƙin da shari'a ta bayar. Ku riƙe buta da tabarma da jarkar ruwa a but. Ga wata dabara: tsakanin Akra da Takoradi gaɓar tana tafiya ne kusan daidai da alƙibla. In ka tsaya ka sa teku a damanka, ka fuskanci wajen da Akra take, kana kusa ƙwarai da daidai. Bayan an wuce Cape Three Points, can yamma da Takoradi, gaɓar ta karkata, wannan lissafi ba ya aiki a can.

Ƙarfe 2 ku kasance a gidan bayi na Cape Coast. Turawan Suwidin ne suka fara gini a wurin a 1653, ya faɗa hannun Ingila a shekarun 1660, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da suka koma Akra. Ginin da sauran sansanonin gaɓar suna cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979. Ana shiga ne rukuni-rukuni da ɗan jagora, zagayen yakan ɗauki kusan awa ɗaya, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Za a sauka da ku kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, inda haske ba ya shiga sai ta 'yar kafa can sama, a nuna muku cewa a samansa daidai aka yi wurin ibadar Turawan, a kai ku ƙofar da ake fita da mutane zuwa jirgi ba dawowa. Ka shirya yaran tukuna. Kada ka gaya musu labarin wasu mutane ne can. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, wadda fataken Hausa suka sani sarai saboda cinikin goro. Akwai wani rafi a Assin Manso, kimanin kilomita 40 a hanyar Kumasi, inda ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kawo su gaɓa. Kurkukun akwai zafi da ƙarancin iska, gangarensa kuma da santsi. In Hajiya tana fama da gwiwa ko numfashi, ta tsaya a farfajiyar sama wajen igogin, daga can ma za ta ga abin da ya isa.

A bakin ƙofa samari za su tare ku, su tambayi sunanka, in ka fito ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwanson teku ana jiran kuɗi. Ba faɗa ba ne, murmushi da "na gode" sun wadatar. Masunta kuma ba sa son a ɗauke su hoto ba izini, musamman mata masu bandar kifi. A yi sallama a tambaya.

Daga Cape Coast zuwa Elmina kilomita 13 ne kacal, kuma a ganina nan ne mafi kyawun yanki a hanyar duka. Titi yana bin bakin ruwa sosai, itatuwan kwakwa a jere, teku a hagu, jami'ar Cape Coast a dama. Ku bi shi wajen ƙarfe 5 direba yana tafiya sannu. Ku kwana a Elmina ko kusa da ita.

A nan zan ja kunne, da babbar murya. Kada kowa ya shiga ruwan nan. Tekun wannan gaɓa yana da jan ruwa ta ƙasa, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ya iya iyo a kogi ko dam bai iya wannan ba. Yara su jiƙa ƙafa hannunsu cikin na babba, shi ke nan.

Rana ta biyu ta Elmina ce da sassafe. Ku je gadar da ke kan bakin tafkin Benya wajen ƙarfe 6 da rabi zuwa 7, lokacin da kwalekwalen da suka kwana a teku suke shigowa. Hayaniya, ciniki, kwanuka a ka, ƙarnin kifi: wannan kallo ya fi duk wani abin da za ka biya kuɗi ka gani. Sai dai in ranar Talata ce ba za ku samu haka ba, domin masuntan Fante ba sa fita teku ranar Talata. Ka duba kalandarka da wannan. Ƙarfe 9 a shiga gidan bayi na Elmina, wanda 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Ya girmi na Cape Coast da nisa. A nan ne za a nuna muku barandar da gwamna yake tsayawa yana duban farfajiyar mata, da ɗakin da aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira, daga baya har tsibirin Seychelles. Wani zai ce tunda an ga ɗaya, na biyun maimaici ne. Ga manya ba maimaici ba ne. Ga yara ƙanana kuwa yana iya yin yawa, sai maiɗakinka ko direba ya hau da su tudun St. Jago da ke fuskantar ginin, inda 'yan Holan suka kafa igwa suka ci wurin. Daga can ana ganin gari da tafki da teku a lokaci guda.

Nan ne za ka yanke shawara a kan Kakum, dajin da ke kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, mai gadar igiya a saman itatuwa: gada bakwai, tsawon mita 350, an buɗe ta a 1995. Yara za su so ta fiye da komai. Amma tana cin rabin yini, akwai hawan tudu kafin a kai gadar, kuma ba ta Hajiya ba ce. Ajiye ta zuwa ranar dawowa, zan zo kanta.

Daga Elmina zuwa Takoradi awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, hanya ta sake shigewa cikin ƙasa. Za ku haye kogin Pra a Beposo. In akwai sauran lokaci, Shama tana hagu, da sansanin San Sebastian inda kabarin Anton Wilhelm Amo yake, ɗan wannan gaɓa da aka kai Jamus yana yaro ya zama malamin falsafa a jami'o'in Halle da Jena a ƙarni na 18. Ratse ne na masu son tarihi, in an gaji a wuce. Abincin rana na wannan rana a zangon Sekondi ko na Takoradi za a ci. Bayan kifi jiya da daren jiya, cikin Bakano zai fara neman tuwo da nama, kuma in Juma'a ce ga masallaci a kusa. Takoradi gari ne na aiki: tashar jiragen ruwanta ta 1928 ita ce ta farko mai zurfi a ƙasar, kuma tun da aka gano mai a rijiyar Jubilee a 2007 garin ya cika da kamfanoni, masauki ya yi tsada. A ci abinci, a sha mai, a ciri kuɗi, a wuce. Kuɗin waya na MoMo yana aiki kusan ko'ina, amma ku riƙe ƙananan takardun sidi, kuɗin Gana, saboda masu kwakwa da kifi.

Daga Takoradi a miƙe zuwa Agona Nkwanta, a karya hagu, cikin awa ɗaya kun isa Busua. Yashi ne mai faɗi, kuma ruwansa ya fi na Cape Coast sauƙi, ko da yake jan kunnen da na yi yana nan. Dixcove tana maƙwabtaka, da farin sansanin Metal Cross na Ingila na shekarun 1690 a kan 'yar gaɓa mai kama da ƙofa, Butre kuma tana ɗaya gefen. Ku isa kafin la'asar ta yi sanyi, ku bar yara su yi gudu, masunta su jawo taru ku saya a ba masu masauki su gasa.

A nan nake so ku juya. Na san ka ambaci Nzulezu, ƙauyen da ke kan turaku a tafkin Tadane. Wuri ne na gaske, ya cancanci gani. Amma lissafa: daga Busua sai ka koma babban titi, ka wuce Axim, ka haye kogin Ankobra, ka kai Beyin, wannan kusan awa biyu. Daga Beyin a shiga kwalekwale kusan awa ɗaya in tuƙin hannu ne, a dawo haka. Sannan ga Akra tana jiranka a nisan da ya haura kilomita 300. Ba ya shiga kwana uku sai da tuƙin dare, kuma ga tsohuwa da yara a cikin kwalekwale. Haka Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Gana ta kudu, mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925: hanyarta ba ta ƙaramar mota ba ce, balle da damina. In kun samu kwana na huɗu da na biyar, to a ƙara Axim da sansaninta na 1515, da Nkroful mahaifar Nkrumah, da Nzulezu, a ci akyeke, wani abincin rogo, da kifi irin na mutanen Nzema da ke yankin. In babu, a bar su.

Rana ta uku dawowa ce, kimanin kilomita 250, kuma ka ba ta awa shida ban da tsaye-tsaye. In kun bar Busua ƙarfe 6, kuna Cape Coast wajen 8 da rabi. Ga zaɓi biyu. Ko a hau Kakum, kai da yara ku bi gada, Hajiya da maiɗakinka su huta a wurin karɓar baƙi, a fito kafin azahar. Ko a shiga kasuwar Kotokuraba a yi tsaraba a sayi waakye a zangon da ke kusa. Kowanne aka zaɓa, ƙarfe 1 ta same ku kun kama hanyar Akra, abinci a kula, a ci a Mankessim ko a wani gidan mai da ke da inuwa. Burin shi ne a wuce Kasoa da sauran rana. Yammacin Lahadi ya fi kowane lokaci muni a wannan shiga, saboda duk waɗanda suka tafi jana'iza da hutun ƙarshen mako suna komowa a lokaci guda.

Ba ka faɗi watan bikin ba. Babbar damina a gaɓar tana tsakanin Afrilu da Yuli, Yuni ya fi ruwa, kuma yamma ta fi gabas samunsa nesa ba kusa ba: yankin Axim yana samun sama da milimita 2,000 a shekara. Agusta akwai sanyi-sanyi da gajimare, tafiya tana da daɗi amma teku yana da fushi. Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da hanyoyin ƙasa suka bushe, sai dai hazon hunturu yakan dusashe kallo a Janairu, Disamba kuma masaukai suna cika da baƙi daga Amurka da Turai, sai an kama ɗaki da wuri. Farkon Yuli akwai bikin Bakatue a Elmina, farkon Satumba akwai Fetu Afahye a Cape Coast, duka biyun suna rufe tituna.

Tunda motar gida ce da direban gida, takardu ba za su dame ku ba, amma ka duba da idonka kafin ku tashi: lasin, inshora, safaya mai iska, jak, abin kashe gobara. Akwai shingayen 'yan sanda a hanya, kuma cikin gari gudun da doka ta yarda da shi kilomita 50 ne a awa, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, wasu ba fenti. Ku riƙe fasfo ɗinku da katin rigakafin shawara a jaka ɗaya. A sa wa Hajiya kujerar da ke hagu in ana tafiya yamma, can ne tekun yake, ranar dawowa kuma ta koma dama. Direban ma a sa shi cikin lissafin abinci da ɗakin kwana tun daga Akra, kada a bar shi ya kwana a mota sannan a ce ya tuƙa ku awa shida washegari.